Kafin Ka Kai Tsohon Keke Wurin Mai Fenti

Wata Asabar cikin damina ɗan ƙanwata ya shigo gidana a Barnawa yana jan wani abu da sai ka duba sau biyu kafin ka kira shi keke. Tayoyi sun tsattsage, sarƙa ta daskare kamar busasshen reshe, sirdi babu. Hannunsa irin na keken tsere ne, wanda ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. A wurin wani ɗan bola jari ya gan shi a Nasarawa, ana shirin ɗora shi a sikeli. A ɗaya hannun yaron kuma ga leda, cikinta samfefa da gwangwani biyu na fentin feshi.

"Kawu, zuwa Litinin ba za ka gane shi ba."

Na ce masa ai abin da nake tsoro ke nan. Na karɓe ledar na jefa bayan kujera, na sa ya ɗebo ruwa da sabulu da tsumma.

Da ku nake, ƙannena da 'ya'yana, ku da tsadar mai ta maido kan keke tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ina ganinku da sassafe a kan titin Kachia, daga Sabon Tasha zuwa gada, wasu a kan sababbin kekunan China masu ƙyalli, wasu a kan 'yan Kwatano, wasu kuma a kan abin da suka zaƙulo daga ɗakin ajiyar kakanninsu. Na ƙarshen nan su ne damuwata. Duk wanda tsohon keken ƙarfe ya faɗo hannunsa, abin da zuciyarsa ke fara raya masa shi ne ya kankare shi ya fesa masa fenti. To a jikin wannan tsohon fentin, da ƙarƙashin dattin da ya lulluɓe shi, keken ya ajiye sunansa da garinsu da shekarunsa. Kana kankarewa ka share su, kuma ba mai dawo maka da su.

Ku da kuka taso bayan masaƙu sun yi shiru ba ku ga Kakuri da keke ba. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, sannan Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, ga masana'antar makamai ta DICON, ga kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Idan jiniyar canjin aiki ta yi kuka, titi yakan cika da baƙaƙen kekuna har mai mota ya haƙura ya tsaya: Bahaushe da Bagwari, mutumin Kafanchan da na Binuwai da na Inugu, kowa ya ɗaure ƙafar wando da roba, kwanon abinci a kariya. Mahaifina yana cikinsu. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, wanda ke tafiya a ƙasa ya sayi keke, mai keke ya hau babur. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kekunan ba su mutu tare da masaƙun ba. Suna nan a Makera da Kakuri da Kurmin Gwari, wasu suna dakon jarkokin ruwa, wasu an rataye su a bango, mafi yawa kuma bola jari ya haɗiye.

Mu koma ga keken yaron nan. Da muka wanke shi sai ga sitika a jikin bututun ƙasa, an rubuta Peugeot. Yaro ya yi tsalle, ya ce ashe ma a nan Kakuri aka yi shi. Na ce ya sauko. Kamfanin Kakuri mota ya riƙa harhaɗawa, su 504 da 'yan uwanta. Gaskiya ne Peugeot ta Faransa ta fara ƙera keke tun 1882, kafin ta taɓa yin mota, kuma kekunanta na tsere sun yi suna. Amma sitika ta fi komai iya ƙarya a jikin keke. Da 'yan canji kaɗan za ka sayo ta a kasuwa ka manna wa kurar ruwa. Kama da wane ba wane ba ne.

Inda ake fara dubawa shi ne goshin keke, wato guntun bututun da ke ƙarƙashin hannu. A nan kamfani ke kafa tambarinsa na ƙarfe da 'yan ƙananan ƙusoshi. Raleigh ta garin Nottingham a Ingila kan zalɓe take sawa. Rudge tafin hannu ne, Phillips zaki, Peugeot ma zaki, Phoenix ta Shanghai tsuntsu mai dogon bindi, Flying Pigeon ta Tianjin tattabara. Namu babu tambari, an ɓamɓare, amma da na shafa da ɗan yatsa sai na ji ramukan ƙusoshin, ga kuma inuwar siffarsa ta fito a ƙarƙashin shuɗin fentin da wani ya taɓa shafa masa da buroshi. Da an riga an bi wurin da samfefa, da wannan inuwa ta tafi.

Sai muka kifa keken, muka kankare laka daga ƙarƙashin gidan boris ɗin feda da tsinken tsintsiya. A nan aka fi buga lambar firam. Wasu kamfanonin kuma a saman bututun sirdi suke bugawa, ko a kunnen da ke riƙe tayar baya. Haruffa biyu suka fito, na farko W, sai lambobi da suka fara da 7. Tun daga wajen 1974 Raleigh ta ɗauki tsari guda: harafin farko masana'anta, N ta Nottingham, W ta garin Worksop, harafi na biyu lokacin shekara, lambar farko kuma ƙarshen shekarar da aka ƙera shi. Worksop ita ce masana'antar Carlton da Raleigh ta saya a 1960, inda take yin kekunanta na tsere masu ɗan daraja, har aka rufe ta a 1981. Ke nan abin da ke kwance a tsakar gidana an haɗa shi a 1977, ya girmi mahaifiyar yaron. Shekara uku bayan haka, a 1980, Joop Zoetemelk ɗan ƙasar Holan ya ci tseren Tour de France a ƙungiyar TI-Raleigh. Ban ce kekensa ne ya ɓato Nasarawa ba, amma dai gida ɗaya suka fito.

Kada shaida ɗaya ta ishe ku. Lamba kan goge, kuma 7 tana iya zama 1977 ko 1987 a keken da ba na Worksop ba. Kayan da ke jikin keke ma suna da bakin magana. Idan keken mai giya uku ne a cikin cibiyar tayar baya, irin ta Sturmey-Archer, goge cibiyar da kananzir za ka ga an buga shekara da wata ƙarara, misali 74 da 6, wato Yunin 1974. Shimano ta Japan haruffa biyu take bugawa a bayan kayanta, na farko shekara, A tana nufin 1976, B 1977, haka har gaba. Na biyu wata. Abin canza giyar da ke bayan keken yaron Shimano ne, harafinsa H, wato 1983. Wani mai shi na baya ya canza ke nan. Wannan ba aibi ba ne, keken da aka hau dole a canza masa kaya. Amma ka riƙe cewa firam shi ne keke, sauran duk tufafi ne.

Firam ɗin ma akwai yadda ake gane nagari ko babu takarda ko ɗaya. Ɗaga shi tukuna. Baƙin keken iyayenmu yakan kusa kilo 20, keken tsere mai kyau bai cika wuce 10 zuwa 11 ba. Ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar bututu da farce: mai kauri zai ce maka ƙwal a taƙaice, siririn mai kyau zai yi ƙara mai zaƙi kamar kofin shayi. Dubi kunnuwan da ke riƙe taya, ko faranti ne aka yanka da inji, ko kuwa ƙirarru ne masu kauri da ƙwarya. Sannan auna sandar sirdi, domin ita ce ke tona kaurin bututu daga ciki. Milimita 25.4 na gama-gari ne. Idan ka ga 27.2 a keken Ingila, bututun siriri ne ƙwarai, irin Reynolds 531 da aka fara yi a Birmingham a 1935, wanda aka yi shekara da shekaru ana cin manyan tsere da shi. Wata ƙaramar takarda mai koren rubutu a saman bututun sirdi ita ce shaidarsa. Ko gutsurenta ka gani, ka bar shi inda yake.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya sa na ƙwace ledar nan da zafi haka.

Bayan rasuwar mahaifina kekensa ya zo hannuna, baƙin Raleigh mai birkin sanda da rufaffiyar sarƙa, wanda ya yi shekaru yana kai shi aiki. Ina da ƙuruciya, ina da albashi, ina da gaggawa. Feda tana ɗan girgiza, sai na sayo sabon murfin gidan boris a kasuwa na zo ɗaurawa. Ya shiga zagaye biyu ya cije. Na ce tsatsa ce. Na sa babbar sifana, na ƙara mata bututu, na taka da ƙafa har ya shige. Washegari ya kwance, na sake ɗaurewa, ya sake kwancewa. Da na kai wa wani tsohon mai gyaran keke da ke zama a gindin bishiya kusa da tashar jirgin ƙasa, ya zura yatsa a ramin, ya fito da garin ƙarfe yana walƙiya, ya nuna mini. Bai ɗaga murya ba.

"Yaro, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To ka kashe zaren. Rali da nata take zuwa."

Sai daga baya na fahimci maganarsa. Kekunan da Raleigh ta ƙera a Nottingham zarensu 26 ne a kowane inci, na sauran kamfanonin Ingila da na Japan 24. Ido ba ya ganin bambancin, ƙarfe yana ji. Kuma kafin wannan ɓarna na riga na kankare baƙin fentinsa da siraran layukan ruwan zinariya da aka ja masa, na fesa masa kore don in burge abokai. Keken yana nan a rataye a ɗakin ajiyata, kore, da murfin boris da aka like da walda. Ba na iya tuna ko a wane gefe mahaifina ya kankara harafin sunansa da ƙusa. Na san dai ya yi.

Saboda haka ku ji dokar zare, ita ce rabin gyaran tsohon keke. Duk abin da za ka ɗaura, fara da yatsu. In bai shiga zagaye huɗu ko biyar cikin sauƙi ba, tsaya, ba nasa ba ne. Fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ta inda ake ɗaure sauran. Haka ma murfin boris na gefen sarƙa a keken Ingila. A tsohon keken Faransa kuwa duka murafen biyu zaren dama ne, awonsu na milimita, fedarsu da wuyan hannunsu ma sun ɗan fi na kowa siranta. In da gaske Peugeot ce ta faɗo hannunka, kada ka yar da ko noti ɗaya, don da wuya ka sami madadinsa a Kaduna. Yaron nan ya yi sa'a, Worksop zaren kowa da kowa take yi, kayan kasuwa suna shigarsa.

Kafin ka kashe ko sisi, tabbatar firam ɗin lafiyayye ne. Shafa ƙarƙashin bututun ƙasa, daidai bayan goshi. In ka ji ɗan kumburi ko ka ga fenti ya yi tamoji a wurin, keken ya taɓa cin karo da wani abu gaba da gaba, kuma ƙarfen ya ji. Ɗaura zare daga kunnen baya na hagu, ka zagaya da shi ta goshi, ka dawo kunnen dama, sannan ka auna tazararsa da bututun sirdi ta kowane gefe. In ba daidai suke ba, bayan keken ya karkace. Ƙarfe yana da haƙuri, ƙaramar karkata ana miƙe ta a hankali. Amma tsagewa ko ruɓewa wata magana ce. Kuma ina roƙonku, kada ku kai siririn firam wurin mai waldar lantarki da ke haɗa ƙofofi. Ba laifinsa ba ne, wutarsa ta ƙarfen gini ce, za ta huda bututun kamar garwashi a kan leda. Waɗannan bututu da narkakkiyar tagulla aka haɗa su a cikin 'yan hannayen riga na ƙarfe da kuke gani a kowace mahaɗa. In gyara ya zama dole, mai waldar gas za a nema, wanda ya saba da tagulla.

Tsatsa iri biyu ce. Akwai ta sama, mai launin ƙasa, wadda ke tsorata ido kawai. Akwai mai cin rami, wadda in ka danna da tsinin sukudireba wurin zai lotsa. Ta biyun takan fara ne daga ciki, don ruwan daminar Kaduna yana bin sandar sirdi ya sauka ya kwanta a gidan boris wata da watanni. Ta farkon kuwa maganinta yana madafin mahaifiyarka. Jiƙa tsamiya ta yi kauri, ko ka matse lemon tsami, ka zuba ƙananan notuna da kusoshi su kwana, da safe ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka shanya, ka shafa mai nan take kafin tsatsar ta dawo. Wuraren da aka yi wa farin ruwa mai ƙyalli, kamar hannu da rim, dunƙule takardar alminiyon irin ta naɗe abinci ka tsoma a ruwa ka goga. Tana ɗauke tsatsa ba ta karce ƙyallin. Fenti kuwa sabulu da ruwa, sai man goge mota. Za ka yi mamakin launin da ke ɓoye. A keken yaron, da muka bi shuɗin buroshin nan a hankali, sai ga asalin fentinsa ya leƙo, ruwan azurfa, har da ragowar harafin R.

Sandar sirdinsa ta ƙi fita. Alminiyon ce a cikin ƙarfe, sun yi shekaru suna manne. Yaro ya ɗauko guduma, na ce ya mayar. Kullum safe da yamma muka riƙa ɗiga mata kananzir gauraye da ɗan baƙin mai, mu ɗan murɗa, mu bari. A rana ta goma sha ɗaya ta yi ƙara ƙas ta juya. Sannu ba ta hana zuwa. Awonta 27.2.

Sauran aikin ba shi da wani sirri. Kwance cibiyoyin taya da gidan feda da wuya a kan farin tsumma don kada boris ya gudu cikin yashi, wanke da kananzir, canza duk ƙwayar da ta dusashe, cika da sabon giris. Ƙurar hunturu in ta gauraya da tsohon giris takan zama kamar dutsen niƙa, don haka a maimaita kowace shekara. Wayoyin birki da robobinsa kada ka yi musu tsumulmula, sababbi za ka sa, ko da tsofaffin sun yi kama da masu rai. Kuma ka sani rim ɗin ƙarfe ba ya jin birki in ya jiƙe. Wanda zai gangara gadar Kaduna cikin ruwan Agusta, tirela a bayansa, ya fara kamawa tun da nisa.

Taya ce za ta ba ka ciwon kai. Kada ka tafi kasuwa da baki kawai ka ce a ba ka ta keken tsere. Karanta gefen tsohuwar, akwai wata lamba mai gida uku, ita ce gaskiyar faɗin rim a milimita. Tsofaffin kekunan tseren Ingila, masu inci 27, lambarsu 630. Na zamani, da ake kira 700C, 622. Baƙin keken iyayenmu mai inci 28 kuwa 635. Wani abin haushi, Jamusawa ma 28 suke rubutawa a kan 622, shi ya sa za ka ga mutum ya sayo 28 ya zo tana ƙin hawa rim ɗin 28, ya koma yana faɗa da mai shago. In 630 ta gagara samuwa, ana iya canza ƙafafun gaba ɗaya zuwa 622, muddin robar birki za ta iya sauka milimita 4 ta sami rim. Tsofaffin ƙafafun kuma a ajiye, kada a sayar wa bola jari.

Akwai wata magana da ba ta sifana ba. Wasunku za su gane akwai kuɗi a wannan harka, su fara saye suna gyarawa suna sayarwa. Madalla, sana'a ce mai kyau. Amma wanda ya iya karanta keke ya fi kowa iya yi masa ƙarya. Na ga Phoenix da aka kafa wa kan zalɓe aka sayar wa wani dattijo a matsayin Raleigh, shi kuwa yana ta murna ya sami irin na ƙuruciyarsa. Phoenix ba abin kunya ba ce, haka Hero ta Ludhiana a Indiya. Sun yi dakon buhu da itace da amare a ƙasar nan fiye da yadda za a ƙirga. Ka sayar da kowacce da sunanta. In ka canza wani abu ka faɗa, in an taɓa yi wa firam walda ka nuna wurin. Ita kanta Raleigh ta daina ƙera keke a Nottingham tun 2002, sunan yanzu a kan kekunan da ake yi a wasu ƙasashe yake, don haka na asalin da suka rage ba ƙaruwa suke yi ba.

Ban hana kowa fenti ba. Firam ɗin da tsatsa ta cinye wa fata yana bukatar sabuwar riga, in ba haka ba zai ruɓe. Amma fenti shi ne aikin ƙarshe, bayan ka ɗauki hoton kowace lamba da kowane gutsuren rubutu, ka rubuta abin da ka gano a takarda. Wani tsoho ya taɓa nuna mini dabara: ya naɗe takardar ya zura cikin sandar sirdi, don wanda keken zai faɗa hannunsa nan gaba.

Mun yi sati bakwai a kan keken yaron. A ƙarshe bai fesa komai ba, shi da kansa ya ce a bar azurfar da tabonta, aka bi ta da man goge mota kawai. Ranar da ya fara hawa, ya fita bayan sallar asuba ya bi ta Kakuri, ya wuce gaban rufaffun ƙofofin masaƙu inda ciyawa ta fi mutum tsawo, ya zagayo ta unguwar Television ya dawo yana haki. Ya jingine keken a bango, ya sha ruwa, sai na ga idonsa ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiya.

"Kawu, wancan koren fa? A ƙarƙashin fentin ba abin da ya rage?"

Na ce ban sani ba, ban taɓa samun ƙarfin halin dubawa ba. Ya tashi ya ɗauko tsumma da kananzir. Na miƙa masa makulli.